Yatsan Ma'aikacin Tasha

Shekarun baya, lokacin ina makanikin manyan motoci a mahaƙar uraniyom nan Arlit, wurin aikinmu ya tura ni Japan horon wata biyu. Ni da iyakar tafiyata Yamai, sai ga ni a ƙasar da ko allon bakin titi ban iya karantawa ba.

An ba ni ɗaki a wata unguwa bayan gari, kullum da safe sai na hau jirgin ƙasa zuwa wurin horon. Tashar unguwar ƙarama ce, ta wani kamfani mai zaman kansa: dakalin jira biyu, rumfa, sai kekuna jere a bakin ƙofa ba mai gadi. Ba ɗan kamasho, ba mai shayi, jirgin kuma ba ya jira a cika. Da yake ban son cunkoso, sai na samu wurina can ƙarshen dakali, kusa da wani dogon ƙarfe, nan nake tsayawa kullum.

Akwai wani ma'aikacin tashar, dattijo siriri mai hula da farar safar hannu. Da zarar jirgi ya kusa, sai ya miƙe ƙyam, ya ɗaga hannu, ya nuno ni da yatsa, ya faɗi wata magana da ƙarfi. Ranar farko na ce kuskure ne. Rana ta biyu ya sake. Ta uku ma haka, gaban jama'a, kuma ba wanda ya ce masa kanzil.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu ko yaro ka nuna da yatsa sai an ce maka ba kyau, balle magidanci mai 'ya'ya huɗu. Na ce lalle don ni kaɗai ne baƙar fata a wurin. Ga shi ban da bakin ramawa, saboda haka duk sanda ya nuno ni sai in ce cikin raina, "Allah ya isa." Sati uku cur ina yi masa ita, ban tsallake ko safiya ɗaya ba.

Da na faɗa wa matata ta waya, cewa ta yi, "Maigida, ka tambaya tukuna mana. Allah ya isa fa ba abin wasa ba ce."

Na ce, "Me zan tambaya? Ke da ba ki ga yatsan ba!"

Amma maganar ta tsaya mini. Washegari na kai kukana wurin tafintarmu, wata dattijuwa mai jin Faransanci. Ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Ta zo kuwa. Muka tsaya wurina, jirgi ya doso, mutumina ya ɗaga yatsa. Na ce, "Madam, kin gani ko?" Sai na ga ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ta kira ni "Mushe", wato Malam da Faransanci, ta ce, "Juya ka dubi bayanka."

Na juya. A saman ƙarfen nan da nake jingina akwai fitilar ba jirgi hanya. Ta ce ƙa'idar aikinsu ke nan: duk abin da ma'aikaci ya duba, sai ya nuna shi da yatsa ya faɗi yadda ya gan shi da babbar murya, don kada ido ya yaudare shi. Fitila yake nunawa. Ni ne na je na dasa kaina ƙarƙashinta kamar an aike ni.

Kunya ta rufe ni, bayanta kuma tsoro. Na kai ƙarar bawan Allah wurin Ubangiji sati uku, alhali lafiyata da ta sauran fasinja yake tsarewa. Na ce, "Madam, don Allah kai ni wurinsa. Jirgin nan ya tafi, mu hau na baya."

Da dakali ya yi sarari muka same shi. Na ce ta gaya masa na zarge shi da abin da bai yi ba, na yi masa mugun fata, ya yafe mini. Ta daɗe tana bayani. Sai dattijon ya cire hula ya sunkuya. Ta ce, "Wai ka yi haƙuri, ya tayar wa baƙo da hankali bai sani ba."

Na ce, "A'a, ni ne mai laifi! Ce masa ya ce ya yafe."

Na sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, na ƙara. Muna cikin haka ƙararrawa ta kaɗa. Ya dubi agogo, ya mayar da hula, ya ruga wurin tsayawarsa. Madam ta ja ni muka shiga jirgi, don mun riga mun makara.

Na ce ba komai, gobe ma rana ce. Washegari wani saurayi na tarar a wurin. Madam ta tambaya mini, aka ce an mayar da dattijon wata tasha can gaba a layin. Har na dawo gida ban sake ganinsa ba.

Tun daga nan na daina saurin yanke wa mutum hukunci, kuma bakina ya yi nauyi wajen Allah ya isa. Sai dai abin bai bar ni ba. A gida in ka cuci mutum, ka san ƙofarsa, ko ka tura masa babba, ko ku haɗu ranar Salla. Wannan kuwa ko sunansa ban tambaya ba. Matata takan ce ai sunkuyawar nan ita ce yafiyar. Mai yiwuwa haka ne, amma ban ji da kunnena ba. Shi ya sa har yau, in na idar da sallar asuba na gama yi wa iyayena addu'a, shi ne na uku.