Aladun Milka Kambai

Milka Kambai ta fara kiwon aladu a shekarar 2009, shekarar da mijinta ya rasu, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kafanchan zuwa Kwoi. Mace ce mai zuwa sujada da wuri, amma ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri ta ara, sai ta shinshina.

A ƙauyen akwai namijin alade guda da ake zagayawa da shi gida gida don barbara. Milka ba ta taɓa karɓarsa ba, nata take ajiyewa. Ba ta kuma barin kowa ya taka ɗakin aladunta, don a ganinta duk mai leƙe da wata manufa ya zo.

Wajen kakarta ta koyi amfani da wani naman kaza mai tauri, ja kamar goro, wanda ke fitowa a jikin mataccen itacen ɗorawa. Takan shanya shi, ta daka, ta barbaɗa cokali biyu cikin dusar burukutu duk ranar Litinin. Sai dai a tsohon kurmin dodo kaɗai ake samunsa, inda a da mace ba ta shiga, har yau kuma ba a saran itace.

A daminar 2020 ciwo ya shigo. Cikin mako uku aladu suka ƙare a gida goma sha ɗaya. Na Milka guda tara suna nan suna ƙiba. Mata suka daina zama kusa da ita a taron Zumuntar Mata na coci.

"Milka, me kike ba su ne?" in ji Rosemary maƙwabciyarta, ta kan katanga.

"Dusa."

"Mu ƙasa muke ba namu ke nan? An dai ga zanenki a kurmi."

"Wanda ya gan ni, me ya kai shi can?"

Maganar cewa tsafi take yi ta kai gaban dattawan ikilisiya. Suka yanke cewa ko ta buɗe ɗakin a duba, ko a hana ta Jibin Ubangiji. Shekara talatin da ɗaya Milka ba ta taɓa fashinsa ba.

Ta je wajen malamin dabbobi a Kafanchan. Ya juya naman kazar a hannu, ya ce mai yiwuwa yana ƙara wa dabba ƙarfi, amma wannan ciwon ba shi da magani.

"Mama, rowarki ce ta cece su. A takalmi ciwon ke yawo, da jikin namijin nan na haya. Kada ki bar kowa ya shiga."

Da ya roƙi ta bar masa guntu ya kai a gwada, sai ta ƙulle abinta a gefen zane. Wanda ya ce abu ba ya aiki, me zai yi da shi? Daga nan ta daina gaskata sauran maganarsa ma.

Ranar Asabar dattawa huɗu suka zo, Baba Kumai a gaba, wanda ya binne aladunsa shida a makon nan. Milka ta dubi takalmansa na roba, da jar laka a jiki. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ku cire takalma."

"A ɗakin alade? Nan wuri mai tsarki ne, 'yata?" Sauran suka kalli juna.

Ta gane yadda za a ba da labarin gobe. Ta matsa gefe.

Suka ɗaga kwano, suka tona kusurwa, suka leƙa rufi. Ba laya, ba ƙaho, sai gwangwanin garin naman kaza. Baba Kumai ya ce za su ci gaba da addu'a a kai, wato ba su gamsu ba.

Kwana shida bayan haka babbar uwar aladun ta ƙi cin abinci, kunnuwanta suka yi ja. Milka ta ninka cokalin. Kafin ƙarshen wata ɗakin ya zama kango.

Sai ƙauye ya huce. Rosemary ta kawo mata kunu, ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ba. Ranar Lahadin Jibi, Baba Kumai da kansa ya miƙo mata ƙoƙon. Ta karɓa da hannu biyu, idonta a kan ƙafafunsa.

Yanzu tana da 'yan aladu uku. Ta sa kwaɗo a ƙofa, mabuɗin yana wuyanta.