Magaryar Baba Sale

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin tsaro a Doha, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata da injiniyan baladiyya, wato ƙaramar hukuma, ya zo duba magaryar da ke ƙofa ta biyu. Ku sababbin zuwa kuna ganinta kuna wucewa, wasunku har tsinkar 'ya'yanta kuke yi kuna jefawa a baki. To ku sani saura ƙiris a sare ta, kuma ni ɗin nan da nake muku magana, da hannuna na rubuta takardar neman a sare ta.

Bari in fara da yadda wurin yake, saboda wanda bai sani ba. Rukunin benaye ne a ɓangaren Al Rayyan, kowane sashe da mai shi, amma haraba da wurin ajiye motoci da bishiyoyi na kowa da kowa ne. Shi ya sa masu gidajen suka kafa kwamiti, kwamitin kuma ya ɗauki kamfaninmu ya riƙa kula da tsaro da gyare-gyare. A lokacin ban fi wata biyu da samun ƙarin girma daga mai gadi zuwa sufabaiza ba. Ga sabuwar riga, ga rediyo a ƙugu, ina tafiya kamar ni na gina benayen.

Mai gadin ƙofa ta biyu shi ne Baba Sale, Bazazzagi daga wani ƙauye a gefen Soba. Manomi ne gaba da baya kafin ya zo ƙasar nan, kuma ya girme mu duka. Ni kuwa mutumin Bichi ne, don haka kun san abin da ke tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, kullum sai dai Bakano. Yakan ce ni ko inuwa na gani sai na tambayi wa ke karɓar kuɗin shiga. Ni kuma in ce da surutu yana tsare ƙofa, da kamfani ya sallami kowa ya bar shi shi kaɗai.

Magaryar nan, wadda Larabawa ke kira sidra, ba wanda ya shuka ta. Baba Sale ya ce ya same ta iya gwiwa a bayan ɗakin gadi, cikin rairayi, rabinta a bushe, wataƙila tsuntsu ne ya yar da ƙwallon. A hannunsa ta girma har ta wuce rufin ɗakin. A gindinta muke cin abinci, a nan muke alwala, a nan muke shimfiɗa tabarma idan aiki bai bar mu mun je masallaci ba.

Da zafi ya fara shigowa a shekarar, sai bututun ruwan datti na benen da ke kusa da ƙofar ya toshe. Kai, ranar mun shaƙi abin da ba a faɗa! Aka kira mai gyaran famfo, ya buɗe murfi, ya yi ta fama, ya zaro wani dunƙulen saiwa kamar matashin kai. Ya ɗaga ido, babbar bishiyar da ta fi kusa ita ce magarya, ya nuna ta da sifana. Shugaban kwamiti, wani dattijo da ake kira Abu Nasir, yana tsaye ya toshe hanci. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a ja magana. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, a cire ta."

A gida idan bishiya ta dame ka, gatari za ka aro a maƙwabta. Nan ba haka ba ne. Sai kwamiti ya rubuta wasiƙa, a haɗa da hotunan bishiyar, da taswirar da ke nuna inda take, da dalilin da ya sa ake son cire ta, a tura wa baladiyya. Su kuma su turo ma'aikacinsu na sashen lambuna ya gani da idonsa. In ya gamsu, a ba da takardar izini. Ko babban reshe za a datse, gara a bi wannan hanyar, don wanda ya yi gaban kansa, shi da kamfaninsa za su yi bayani.

Ni manajan kamfaninmu ya ba aikin haɗa takardun. A wurin dalili kuwa na zuba basira. Na ɗauko taswirar ban-ruwa ta harabar, na ga duk bishiyoyin da aka shuka akwai siririn tiyo da ke ɗiga musu ruwa, ban da magarya. Sai na rubuta cewa tunda ba ta kan layin ban-ruwa, ga ta kuma kore shar, babu shakka daga bututun take sha. Manaja ya karanta ya buga min kafaɗa. Ranar ko abincin rana ban ci sosai ba saboda daɗi.

Da labari ya kai wa Baba Sale, bai yi hayaniya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya same ni a ofis ya ce, "Bakano, ka ga saiwar da idonka?"

Na ce, "Mai gyaran famfo ya gani, Baba."

Ya ce, "Shi famfo ya sani."

Na ce masa takarda ta riga ta tafi, ba yadda za a yi. Sai ya ce, "'Ya'yana suna can Soba suna girma ba na gani. Wannan ce kaɗai ta girma a gabana." Ya juya ya fita. Kwana da kwanaki ba tsokana, ba Bakano, sai gaisuwa kawai. Wallahi abin ya tsaya min a rai, amma girman kai ya hana ni komawa in sake dubawa. Maimakon haka, da aka sanar da mu ranar zuwan injiniya, sai na gyara jadawalin aiki na ba shi hutu ranar Talata, don kada ya ba ni kunya a gaban manya.

Talata da hantsi injiniya ya iso, wani ɗan Sudan mai furfura, da allon rubutu a hannu. Abu Nasir ya fito, manaja ya fito, ni ma na tsaya ƙyam da fayil. Muna cikin gaisawa sai ga mutum ya sauko daga bas, babbar riga fara ƙal, hula ta zauna daram, da baƙar leda a hannu. Baba Sale ne, tun daga masaukinmu na Al Wukair.

Na yi sauri na tare shi na ce, "Haba Baba, yau fa hutunka ne."

Ya ce, "Ai hutun nake yi. Ko an hana mutum hutawa a inuwa?"

Ya wuce ni ya zauna a gindin magarya.

Injiniya ya zaga bishiyar sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi rassa, ya tsuguna ya damƙi ƙasa. Ya karanta dalilin da na rubuta, ya ce gaskiya ne, babu tiyo a nan. Sai dai, in ji shi, ƙasar gindinta a jiƙe take, kuma bututun yana can nesa a ƙarƙashin kwalta. To daga ina wannan danshin?

Kafin kowa ya amsa, Baba Sale ya miƙe ya ce, "Bakano, fassara masa."

Ku ji fa. Ni na rubuta ƙarar, ni kuma aka sa in fassara maganar da za ta rushe ta, da Larabcina na bakin ƙofa. Baba ya nuna ɗan kwarin da ya yi a zagayen gindin, irin wanda ake yi wa dashe a gida. Ya ce a garinsu mutum ba ya alwala a kan busasshiyar ƙasa alhali ga dashe yana jin ƙishirwa. Tun ranar da ya ga bishiyar yake alwala a gindinta, ya kuma ja duk wanda ya zo aiki ƙofar ya yi haka: masu gadi, masu shara, direbobin da ke jiran iyayen gidansu. Sannan ya zaga bayan ɗakin gadi ya ɗaga wani guntun tiyo da ya binne da kansa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗakin, wanda a lokacin zafi yake cika bokiti, shi ma nan ya karkato da shi.

Ina fassarawa kunya tana rufe ni. Shekara nawa ina tsuguno a daidai wurin nan da buta, ko da asubar ranar ma a nan na yi alwala, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta da komai, na yarda da taswira.

Baba bai gama ba. Ya kwance ledar nan, sai ga guntun saiwar da aka zaro daga bututu. Ashe tun ranar ya tsamo ta daga kwandon shara, ya wanke, ya shanya, ya adana. Ya nemi izinin injiniya, ya naɗe hannun babbar riga, ya tona gindin magarya da yatsu har ya kamo wata 'yar saiwa, ya kankare bayanta da ƙaramar wuƙa. Cikinta ja-ja, ga tauri. Ya kankare ta bututun, ita kuwa fara-fara, gashi-gashi kamar soso. Ya miƙa wa injiniya ya ce ya sansana.

Injiniya ya sansana wannan, ya tsuguna ya sansana waccan. Sai ya fashe da dariya, har allon rubutunsa ya faɗi. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, rabon da wani ya miƙa masa saiwa ya ce sansana tun yana gaban mahaifinsa. Amma ya ce hanci ba ya shiga rahoto, sai an tona. Aka kira leburori biyu suka bi gefen bututun da shebur. Muna tsaye, rana tana ta hawa, kuma abin mamaki addu'a nake yi Allah ya ƙaryata takardata. Can wajen azahar suka kai inda bututun ya tsage. Saiwar da ta shige shi ba daga wajen magarya ta fito ba. Ta miƙe sambal zuwa katanga, inda aka jera wasu bishiyoyi da ake kira damas, masu saurin girma, waɗanda ko kallonsu ba mu yi ba saboda an aske su sun zama kamar shinge.

Ɗaya daga cikin masu sharar da suka taru kallo ya yi kabbara, sauran suka ɗauka. Ni kaina ban san lokacin da na jefar da fayil na rungume Baba Sale ba, duk na ɓata masa riga da gumi. Abu Nasir ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. Sannan ya matso ya kama kan Baba ya sumbace shi a goshi, yadda suke yi wa manyansu. Ya ce a gidan da aka haife shi akwai sidra a tsakar gida, kuma da an sare wannan a banza da bai yafe wa kansa ba.

Aka kira salla. Injiniya ya waiwaya ya ce, "Ina butar?" Ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin kwarin nan ya yi alwala. Abu Nasir ya karɓi butar bayansa. Baba Sale yana tsaye da hannu a baya, yana duba ko ruwan yana gangarawa inda ya kamata.

Bayan kamar mako guda izini ya fito. An amince a cire jerin damas ɗin a maye gurbinsu da wani iri. Magarya kuwa ba a yarda a taɓa ta ba, sai rassa biyu da suka tare kyamarar ƙofa, su ma kamfani mai lasisi ne zai datse su. Ranar datsewar na sa Baba a aiki da gangan. Ya tsaya a ƙasa yana nuna wa mai zarto daidai inda zai yanka, yana masa faɗa da Hausa, shi kuwa bawan Allah ko kalma ɗaya ba ya ji, amma ya bi.

Da yamma na same shi na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe tun tuni. Ai ba laifinka ba ne. Bakano ne, abin da ba a sayarwa a kasuwa ba ya ganinsa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin tsokana kamar ta ranar ba.

Abin da na koya, da ina ganin neman izinin nan ɓata lokaci ne kawai. Ashe an yi shi ne don a samu wanda zai zo ya tsuguna ya duba kafin a ɗora zarto, saboda irina da ke rubutu daga kujera. Tun daga ranar ba na sa hannu a rahoto sai na je wurin da ƙafata, kuma sai na tambayi wanda ya fi daɗewa a tsaye a wurin, ko da shi ne mafi ƙanƙantar muƙami a kamfani.

Baba Sale ya koma Soba, ya tafi da ƙwallayen magaryar cike da gwangwanin madara. Duk Juma'a yakan kira ni, kuma kafin ya tambayi iyalina sai ya tambayi bishiya. Saboda haka kai da na ba ka ƙofa ta biyu, buta tana nan rataye a bayan ɗakin gadi. Kada in kuskura in ga ka yi alwala a kan siminti, don jibi Juma'a, kuma ba zan yi wa tsohon nan ƙarya ba.