Rigar Dauda a Hanyar Tarka

Damagaram

Mun taru a ƙofar coci ana kiran assalatu, ni da yara bakwai na ƙungiyar yara maza da nake kula da ita. Kafinta ne ni, amma duk hutun Paska nakan ajiye zarto in kai su daji su kafa tanti, su koyi aikin hannu. Bana wani ɗan'uwa ma'aikacin asibiti ne ya gayyace mu gonarsa a kwarin Tarka.

A ƙungiyarmu lamba ba ado ba ce. Wanda ya iya ƙulla igiya ya sami lambar ƙulli, wanda ya hura wuta da ashana ɗaya ya sami ta wuta, haka ɗaurin rauni da haddar ayoyi. Wanda ya haɗa duka sai a ba shi tauraro. Uwa ce ke ɗinka wa ɗanta a hannun riga, kuma ba a sa lambar da ba a ci ba.

Sai ga Saratu ta jawo autanta Iliya, sabon shiga, cikin rigar kaki da ta kai masa gwiwa, hannu cike da lambobi har da tauraro. Na gane ta. Rigar yayansa Dauda ce, wanda ya tafi arewa haƙar zinariya, damina biyu ko labarinsa babu.

Na buɗe baki zan kawo doka, ta riga ni. "Malam, ga amana. Shi kaɗai ya rage mini."

Na ƙyale shi da rigar. Muka shiga motar Malam Habu, direban da ya saba kai mu, muka kama hanya.

Tanout

Mun wuce Bakin Birji da hantsi, muka ratsa ƙasar Ollelewa yara na ta waƙa, Bulus sarkin surutu na ba da amshi kamar an biya shi. A tashar Tanout muka sha shayi da burodi, dala talatin talatin. Mai shayin ya dubi kakin yaran, ya dube ni.

"Yamma za ku da waɗannan? Ana ta ganin masu babura a dajin nan. Masu tsaro ba su da wasa kwanakin nan."

Malam Habu ya ce Allah ya tsare. Na yi tunanin juyawa, sai na ji kunyar yara.

Shinge

Rana na tsaka muka iske shinge a hanyar burji: ganga biyu, igiya, da rumfar zana. Aka ce kowa ya sauka. Wani jami'i ya zazzage buhunanmu, igiyoyi da usur da adduna biyu da tanti suka zube a ƙasa. Wallahi ni kaina da na ga kayan a baje, ga yara sanye da kaki a jere, sai da na ga kamar rundunar 'yan daji ce.

Babbansu ya fito daga rumfa, dogo, idonsa ja don rashin barci.

"Sojojin wa ke nan? Wa ya ba ka 'ya'yan mutane ka shiga daji da su?"

"Shef, yaran coci ne. Wasa ne da horo."

"Horo." Ya maimaita kalmar a hankali, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. "Galo ɗin nan na hannun rigunansu fa?"

Na bayyana masa cewa kowace lamba shaidar abin da yaro ya iya ce. Malam Habu ya sa baki, ya ce ya san iyayensu ɗaya ɗaya, maƙwabtansa ne. Aka ce masa ya koma gindin motarsa.

Shef ya bi layin yana duba hannayen riga, ya tsaya kan Iliya. "To ga babbanku. Tauraron nan na mene ne, yaro?"

"Na wanda ya iya duka," in ji Iliya.

Ya tsinci igiya ya jefa masa. "Ƙulla in gani."

Iliya bai taɓa koyon ko ƙulli ɗaya ba. Ya juya igiyar, ya sake juyawa, ta suɓuce ta faɗi.

"Ashe ƙarya kake," shef ya ce mini. Ya umarci a zaunar da ni a rumfa, yaron kuma a kai shi bayan motarsu a tambaye shi shi kaɗai. Na ga an kama hannun Iliya, rigar na jan iska a bayansa. Addu'a ma ta ɓace mini, abin da nake ji kawai muryar Saratu.

Ba su kai motar ba yaron ya fashe da kuka, ya turje.

"Ba tawa ba ce! Ta yayana ce, ya tafi zinariya bai dawo ba. Inna ta ce in sa, tana so ta gan ta a jikin mutum!"

Shef ya ɗaga hannu, aka sake shi. Sannan ya juya ga Bulus mai lambar ƙulli, ya nuna igiyar da ƙafa. Bulus, wanda yau bakinsa ya mutu murus, ya ƙulla ya kwance ya sake ƙullawa. Aka miƙa wa Ishaya mai lambar wuta ashana ɗaya tak, ya durƙusa ya kare iska da jikinsa, karan dawa ya kama.

"Ku kwashe tarkacenku," in ji shef. "Kowa ya tuɓe kakin nan sai kun isa. Kai kuma Malam, wani shingen ba zai tsaya jin kukan yaro ba."

Na ce na gode ya fi a ƙirga. Har muka isa ba wanda ya yi waƙa.

Tarka

Mai masaukinmu ya tarbe mu da fura mai sanyi, maƙwabtansa manoma suka aiko da tuwon hatsi da miyar kuka, ko da yake addininmu ba ɗaya ba. Muka kafa tanti gindin wata aduwa. Ni dai ban sake ba; ƙarar babur daga nesa sai in miƙe in ƙirga kawuna.

Iliya bai kula wasa ba. Ya maƙale wa Bulus da guntun igiya safe da yamma, har yatsunsa suka yi kanta. Ranar rufewa ya ƙulla a gaban kowa, na ja da ƙarfina bai kwance ba. Na ba shi lambar ƙulli da hannuna, ya dunƙule ta a tafinsa.

Gida

Mun dawo ta hanyar da muka bi, riguna a ƙunshe cikin buhu, aka ɗaga mana igiya ba tambaya. Bayan la'asar muka shiga Damagaram. Na gode wa Ubangiji da ya maido mu cif, na gode wa Malam Habu da ya tsaya mana, da mutanen Tarka da suka ciyar da mu.

Iliya na kai shi har zaure da kaina. Saratu ta fito da gudu ta rungume shi. Ya zaro rigar daga buhu, ya buɗe tafinsa.

"Inna, na ci tawa. Amma ina za a ɗinka? Ta Dauda na wurin."

Ta karɓi rigar ta shimfiɗa a cinya, ta shafa hannun tun daga ƙulli har tauraro. Na yi niyyar sallama in tafi, sai ta ɗago, ido cike da hawaye.

"Malam, kana da reza?"