Kofin da Aka Ware wa Sadisu

Bana shekara tara ke nan da muka binne Sadisu, mai tsaron gidan ƙungiyarmu ta ƙwallo a Rurum. Ni ne kyaftin a lokacin, kuma har yau in aka kira ni da sunan nan sai gabana ya faɗi.

Sadisu dogo ne, ga tsokana. In ya cafke ƙwallo sai ya dubi wanda ya bugo ta ya ce, "Koma gida ka sha koko." Al'adarmu ce in an tashi wasa mu zauna gindin mangwaro a dama fura a ƙwarya guda, ludayi ɗaya yana zagayawa. Ko mun ci ko an ci mu, ludayin nan ba ya tsallake kowa.

Sai magana ta ɓulla wai Sadisu maza yake sha'awa. Ba wanda ya kama shi da komai, amma baki shi ke yanka wuya. Ranar da muka dawo daga wasa a Kibiya, aka ɗauko kofin roba aka zuba masa tasa daban. Ya karɓa, ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina gyaran igiyar takalmin da babu abin da ya same ta. Tsoro ne kawai, kada a ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Daga nan wasansa ya fara lalacewa. Ƙwallon da a da zai kama ido rufe sai ta zame masa, 'yan kallo su rangaɗa masa guɗa. Ya rame, ya daina tsokana. Wata rana a gona ya ce mini, "Kyaftin, na yi azumi, na yi addu'a, abin nan bai bar raina ba. Wallahi ban taɓa kowa ba." Na ce ya yi haƙuri, iyakar abin da na iya ke nan. Ya bar ƙwallo, bayan damina biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

A lokacinmu jita-jita kan yi mako kafin ta isa Madachi da ke nan kusa da mu. Yau waya za ta kai ta kafin la'asar. Da Sadisu na raye, na tabbata da kallo ɗaya zai gane yaron da ke shiga fili yana tsoron nasa mutanen fiye da abokan karawa. Hukunci na Allah ne. Abin da na sani, ware shi da muka yi bai gyara komai ba.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne mahaifiyarsa, Inna Hauwa, wadda nake zuwa gaisarwa duk sallah. Kullum sai ta sa mini albarka ta ce, "Ɗan nan, Sadisu ya faɗa mini kai kaɗai ka tsaya masa."

Ni da na bar shi, ni ya rufa wa asiri. Shekara tara ina cewa amin.