Mun Je Ɗauko Baban Yarinya

Mun tashi da asuba daga Soron Ɗinki, ni da surukata da yayana, yarinyata a goye. Wata uku ke nan maigidana ya rufe shagon ɗinkinsa ya tare wurin wani Shehu a wani ƙauye bayan Gwarzo, wanda aka ce ya shiga halwa kwana arba'in, ya fito Allah ya yi masa buɗi. Surukata albarka za ta nema. Yayana so yake ya gani da idonsa, ya dawo ya ce ƙarya ne. Ni kuwa mijina na je ɗaukowa.

A Kabuga muka sami mota, wata tsohuwar bas da aka lulluɓe bayanta da hotunan 'yan takara, har da waɗanda suka sha kaye. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai yanzu mulkin farar hula ne, kowa da 'yancinsa. Shingayen hanya sun ragu, amma ramuka suna nan yadda soja ya bar su. Gero ya fid da kai, gonaki kore shar. Na sayi gasasshiyar masara ta naira biyar na kasa ci, sai taɓa goshin yarinya nake yi, don kwana biyu ke nan da sallamo mu daga asibiti bayan zazzaɓi ya sa an yi mata ƙarin ruwa.

Mun wuce Rimin Gado kaɗan taya ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal ta tsaya a bakin gona, babu wanda ya sami ko ƙwarzane. Surukata ta ce, "Kun gani ko? Shehu ya san da zuwanmu." Yayana ya ce, "To Hajiya, in ya sani, me ya hana shi riƙe tayar?" Daga nan ba su ƙara magana da juna ba sai ta bakina.

Daga Gwarzo a-kori-kura ce ta ƙarasa da mu, tare da buhunan taki da akuya biyu. Wurin Shehu ba wani gini ba ne, rumfar kara ce da wani ɗan ɗakin ƙasa mara taga inda ake halwar. Maza sun yi da'ira, ido a rufe, suna zikiri ƙasa-ƙasa. Na hango maigidana a cikinsu, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Wata tsohuwa ta dama mana fura da nono mai kauri, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Shehun gajeren dattijo ne mai yawan tari, an ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Yana kallon yarinya ya ce, "Wannan ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba." Surukata ta yi kabbara. Yayana ya raɗa mini cewa mijina ne ya tsegunta wa Shehu, alhali mijina bai ma san an kwantar da ita ba. Shehu ya yi dariya ya ce, "Filastar asibiti na gani a bayan hannunta." Na duba, ashe na manta ban ɓanɓare ba. Na ɗauka gardama ta ƙare. Ina! Surukata ta ce haka waliyyai ke ɓoye sirrinsu. Yayana ya ce wannan ita ce babbar dabarar, a yi tawali'u a kama mutane.

Na tattaro ƙarfin hali na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, a sakar mini mijina."

Ya ce, "'Yata, ban ɗaure shi ba. Sau uku ina ce masa ya koma wa iyalinsa." Ya sa aka kira shi, ya faɗa masa na huɗu a gabanmu.

Maigidana ya raka mu gindin wata ɗorawa, ya ce, "Ba ki gane ba ne. Gwada ni yake yi. Wanda ya kusa samu shi ake kora."

Na ce, "To da ya ce ka zauna fa?"

Ya ce, "Ai sai in zauna."

A aji uku na bar makaranta, amma na gane babu kalmar da Shehu zai faɗa ta fito da mijina daga wurin nan. Sai na kwance goyo na miƙa masa 'yarsa. Ta dube shi ta ƙwala kuka, ta miƙo hannu wajen yayana. Maigidana ya ce in ba shi kwana bakwai.

Da la'asar sakaliya muka shigo gari. Surukata ta zarce maƙwabta da labarin karama, yayana ya nufi Mandawari da labarin damfara, kowa fuskarsa wasai. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kowannensu da Shehunsa ya tafi daga gida, kuma shi ya dawo da shi. Dattijon mai tari babu wanda ya saurare shi. Ban san ko waliyyi ne ba. Yau kwana shida cikin bakwai ɗin. Kuma ba na yi wa kowa dariya, don duk namijin da ya yi sallama a soro, ni ma muryar maigidana nake ji.