Kular da Inna Ta Ba Jirgi

Ina zaune a ofis a Washington, ko shayin safe ban gama sha ba, wayata ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyata, daga gidanmu na Woodbridge a jihar Virginia. Muryarta wasai, irin ta wanda ya gama aikin lada.

"Kai, tashi ka je tasha ka tari jirgi. Ka manta abincinka, na ba da saƙo."

"Wa kika ba, Inna?"

"Jirgi mana. Wanda ya biyo bayan naka."

Na ce ta maimaita mini a hankali. Ashe bayan fitata ta ga kular abincina a kan tebur, matata kuma tana barci da jaririyarmu. Sai ta ƙulle kular a ɗankwali, ta yafa mayafi, ta taka zuwa tasha, tunda kusa take kuma ta saba raka ni. Jirgi ya tsaya, ta shiga tarago, ta ajiye ƙullin a kujerar bakin ƙofa kusa da wata baturiya. Ta gaishe ta, ta nuna mata ƙullin, ta harhaɗa ɗan Turancin da take da shi ta ce na ɗanta ne a Washington, ta yi wuf ta sauko kafin a rufe ƙofa.

"Matar kirki ce," in ji Inna. "Har tsaye ta miƙe tana yi mini magana ta taga."

Kullum a cikin jirgin nan lasifika sai ta gargaɗe mu cewa duk wanda ya ga kaya ba mai shi ya sanar da hukuma, don gudun bam. Yau ga tsohuwa da mayafi ta shiga, ta dire ƙulli mai ƙarfe a ciki, ta fice da sauri, jirgin kuma ya nufi babban birnin Amurka. Ni kaina da ina cikin taragon nan, da ni ne na farko a bakin ƙofa.

Inna ba ta da laifi a ganinta, kuma na san dalili. A barikin reluwe na Kafanchan aka haife ta, ta yi wayo daidai lokacin da ƙasa ta sami 'yancin kai. Mahaifinta mai zuba kwal ne a injin jirgi, yakan yi kwanaki a hanya. In kakata ta yi tuwo, ba ta tambayar inda yake, sai ta tari duk jirgin da ya nufi wajen, ta miƙa kwano ta taga ta ce na wane ne, kuma ya isa hannunsa. A barikin akwai Ibo, Yarbawa, Tibi, Nufawa, kowa da yarensa, amma duk 'yan reluwe ake kiransu. Tun ina yaro nake jin wannan labari har na gaji da shi. Ban taɓa zaton za ta ɗauko shi ta kawo Virginia ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zamanta. Jegon matata ne ya kawo ta, amma tun rasuwar mahaifina ita kaɗai ce a gida, kuma na riga na fara neman a bar ta ta zauna tare da mu gaba ɗaya. Lauya ya ja mini kunne cewa ko gardama kada ta yi da ɗan sanda.

Ina riƙe da wayar, saƙo ya shigo cewa an tsayar da jirage a layinmu saboda binciken wani kaya. Na ɗan yi tsaye a bakin taga. Zuciyata ta ce in yi shiru, wa ya san ta? Sai na tuna da kyamarorin tashar, da kuma cewa a duk unguwarmu tsohuwa ɗaya ce take yawo da mayafi ruwan goro. Na kira 'yan sanda da kaina. Na ce kayan da ke cikin jirgi abinci ne, dambu ne da nama, mahaifiyata ce ta ajiye. Wadda ta ɗauki wayar ta sa na faɗi sunan Inna harafi harafi, ta kuma ce kada kowa ya bar gidan.

Tunda babu jirgi, tasi na hau. Duk wanda ya san babbar hanyar 95 ya san ba ta da imani, ranar kuwa kamar da gayya take yi. Muna cikin cunkoso matata ta kira, ina jin kukan jaririya a bayanta.

"Sun zo. Motocinsu sun cika layi, maƙwabta duk sun fito. Don Allah kana ina?"

"Inna fa?"

"Ta ce in kawo musu ruwa, wai baƙi ne. Ta ƙi amsa komai, ta ce sai maigida ya dawo."

Haushi ya kama ni, na Inna, na hanya, na kaina da na manta kular. Direban tasin ya buɗe rediyo, na ce ya rufe.

Na tarar da ita zaune a kan kafet a falo, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, ko a jikinta. Jami'ai na tsaye, ba wanda ya taɓa ruwan. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce in yi tafinta, kuma kada in ƙara kada in rage. Ya tambaya ko ta san matar da ta bar wa kayan. Inna ta ce yau ta fara ganinta. Ya ce to me ya sa za ta ba wadda ba ta sani ba kaya?

Inna ta dube ni kamar ni ne na yi tambayar wauta.

"Ka gaya masa ai cikin jirgi take. Ka ce masa ni nan da yake gani, ina yarinya ƙarama uwata ta saka ni a tarago ni kaɗai, ta ɗaga murya ta ce, jama'a ga amana, Zariya za ta sauka. Ba ta san ko mutum ɗaya a ciki ba. Wata Bayarabiya ta kwantar da ni a cinyarta, wani soja ya saya mini rake, wani Ibo ya ɗauke ni a kafaɗa ya miƙa ni ga kawuna. Mutum ma an ba jirgi, balle dambu."

Na fassara a taƙaice. Ta ce, "Maganata ta fi haka tsawo. Faɗa masa duka." Na faɗa duka, har da raken. Dattijon bai yi murmushi ba. Yana rubutu, ni kuwa ina kallon bakin alƙalaminsa, ina ganin zaman Inna yana rushewa.

Can rediyon kafaɗarsa ya yi magana. Ya koma gefe ya saurara. Da ya dawo ya ce an buɗe ƙullin, abinci ne. Ba za a tuhume ta ba, amma kada ta ƙara. Na zauna a hannun kujera. Kafin ya fita ya ƙara da cewa sai da aka fitar da fasinjoji duka aka kawo karen 'yan sanda, baturiyar nan kuma har yanzu jikinta rawa yake.

Inna ta ce, "Me ya ce a ƙarshe?"

Na so in ɓoye, amma ta kafe ni da ido. Na faɗa mata.

"Gudu suka yi?"

"An fitar da su ne, Inna."

"Dukansu? Ba wanda ya kwance ya duba?"

Na ce babu. Ta ajiye carbin a cinyarta, ta daɗe tana kallon kofunan ruwan da ke kan tire.

Bayan la'asar na same ta a ɗakinta da albishir. Na yi waya da lauya, ya ce tunda ba a tuhume ta ba, yana ganin abin ba zai ɓata maganar zamanta ba. Ina faɗa ina dariya, har ina tsokanarta cewa ta tsayar da jiragen Amurka da dambu. Ba ta taya ni ba.

"Ka bar wahalar da lauyan nan," ta ce. "In yarinyar nan ta yi arba'in, ka mayar da ni gida."

"Haba Inna, ai magana ta wuce. Wa kike da shi a can?"

"Matar nan da na gaisar, ashe tsorona take ji. Ni tunda nake ba a taɓa jin tsorona ba. Kuma na tsufa da koyon tsoron mutane."

Na yi roƙo, na yi fushi, na sa matata ta yi mata kuka, na sa 'yan uwa sun kira ta daga gida. Duk ta saurara, ta sa mana albarka, ba ta sauya ba. Ana yin arba'in na kai ta filin jirgin sama. Yarinyar yanzu har gudu take yi a falon nan, kuma a waya kawai ta san kakarta.