Ritirit Ba Gudu Ba Ne

Tanimu ɗan kawuna ne ya je gaban dagacin Taba ya ce ni matsoraci ne, wai da bakina na faɗa mun gudu a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ke nan aka hana ni shugabancin 'yan sintirin da za su tsare mana shanun noma, shekara biyu bayan samun mulkin kai.

Abin da ya fi ci mini rai, tabarma ɗaya muka zauna da shi muna sauraron kakarmu Iya. Mijinta soja ne tun yaƙin Jamus, ta daɗe a bariki, ta kwaso Turancin soja ba ta san ko bihim a boko ba. In an ci tuwo, sai ta hura wutar kara, ta ɗauki mazarinta tana kaɗi, mu kuma muna shan rake.

Tatsuniyarta ta yaƙin awaki da kuraye ce. Bunsuru ne saje. "Ya ce atak!" in ji ta, "wato a faɗa musu." Kuraye kuwa sun yi ambush a bayan suri, kwanton ɓauna ke nan. Da wuta ta yi wuta, tumaki suka yi saranda, suka miƙa wuya, aka cinye su. Gizo ya sulale shi kaɗai. Bunsuru ya ce ritirit, awaki suka ja da baya suna tunkuyi, suna janye da guragunsu.

Na ce, "Iya, ai duk gudu ne."

Ta ƙwanƙwashe ni da mazari. "Kai, miji na banza! Na Gizo shi ake kira dizat, bindige mutum ake yi a kansa. Mai ritirit ba ya barin nasa a ƙasa."

Ban gane ba sai a dajin Bama, da ruwa har ƙugu. Yanzu na gaji da bayani, amma ran kasuwar Makarfi na tarar da Tanimu a rumfar masu mazarƙwaila. Ya fara doguwar gaisuwa, na katse shi.

Na ce, "Tanimu, ritirit na ce mun yi, kuma mun yi. Wanda na goyo a bayana ranar yayanka ne Sale. Yana nan Gazara yana noma da ƙafa ɗaya. Je ka ce masa da ma na tsaya."